Gishirin da Ya Je Turai Ya Dawo

Tun kafin a yi maganar wata tafiya, ni ƙirjin mijina nake tsoro. A wata na uku da aurenmu na fara jin sa. Ruwa ya dake shi a kan mashin tun daga Agyaragu har gida, ya shigo jagab yana dariya. Na ɗora masa ruwan wanka, kafin ruwan ya yi zafi dariyar ta ɗauke. Na same shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyinsa, wuya a miƙe, kowane numfashi da ɗan fito a cikinsa kamar butar shayi idan ta fara tafasa. Da hannu ya nuna min aljihun wandonsa. A nan na ciro ɗan abin shaƙar nan shuɗi da suke kira inhela, ranar kuma na san mijin da na aura yana da asma. Ba wanda ya gaya min kafin aure. Da na tambayi mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, cewa ta yi, "Ai ɗan sanyi ne, tun yana yaro."

Daga ranar na zama mai kallon sama. Hadari na haɗuwa zan kira shi in ji inda yake. Da na haifi 'yan biyu abin ya ƙaru, don duk lokacin da na ji fiton nan su nake kallo, in ce a raina idan numfashin nan ya tsaya ina zan nufa da su.

Shi malami ne a wata kwalejin noma, kuma aikinsa ƙasa ne. Ya haƙa, ya ɗiba a leda, ya rubuta lamba a jiki, ya kai a auna. Ni karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. Hausa ina karantawa ina rubutawa, Turanci kuwa sai an bi da ni a hankali.

'Yan biyu suna da shekara ɗaya da rabi saƙo ya shigo wayarsa cewa an ɗauke shi ƙarin karatu na wata shida a wata ƙasa can arewacin Turai. Gida ya cika da guɗa. Ni ma na yi murna, ba zan yi ƙarya ba, amma da kowa ya watse tambayata ta farko ita ce, "Baban biyu, akwai sanyi a can?"

Ya yi dariya. "Maman biyu, mutane suna rayuwa a can fa."

"Masu ƙirji irin naka?"

Makarantar ta turo jerin kayan da kowa zai zo da su. Ya bugo takardar, na sa shi ya zauna ya karanta min yana fassarawa, ni kuma ina rubutawa a bayan tsohuwar kalanda. Jaket mai hana ruwa da iska. Wando mai hana ruwa. Takalmin but mai kauri da ya rufe idon sawu. Safar ulu, safar hannu, hular sanyi, rigunan ciki masu ɗumi, tocilar da ake ɗaurawa a goshi. Mai shan magani ya taho da nasa. Akwati ɗaya, kada ya wuce kilo ashirin da uku, sai 'yar jakar hannu.

Yana karantawa ina bin yatsansa da ido, sai na ga yatsan ya tsallake layi biyu a ƙasan takardar.

"Koma baya. Nan ka tsallake."

"Ba wani abu ba ne."

"To karanta min ba wani abun."

Layin cewa ya yi mota za ta kwashe su daga filin jirgi kai tsaye zuwa wani sansani a daji, su yi sati uku suna aiki a waje, kuma babu kanti a kusa, don haka kowa ya zo da shirinsa. Na ce ya nuna min hoton wurin. Fili ne fetal, ba bishiya ko ɗaya, ruwa kwance a cikin ciyawa. Ɗaliban bara suna tsaye a ciki har ƙwauri, hancinsu ja wur, kowa ya ja hula har kunne. Na ce masa, "Dubi masu ƙasar ma sun rufe kunne. Kai ɗan Lafiya me za ka rufe?"

Ranar na karɓe shirya akwatin daga hannunsa. Shi bai ƙi ba, yana ta zirga-zirgar biza tsakanin nan da Abuja.

A Lafiya wa ke sayen irin wannan jaket? Sau uku ina zuwa layin 'yan gwanjo, ɗaya daga cikin 'yan biyun a bayana, ɗayar na bar wa maƙwabciyata, wata nas 'yar Eggon da muke katanga ɗaya. A zuwa na uku wani mai gwanjo da Hausarsa ba ta nuna ba ya tono min wata daga ƙasan dila, koriya mai duhu, da hula a jiki, da aljihu na ciki mai zif.

"Madam, wannan jaket, ko firiji ka shiga ba za ka ji komai ba."

Na fasa ledar ruwan fiyawata da haƙori na tsiyaya a hannun rigar.

"Haba Madam, abeg, kar ka ɓata min kasuwa!"

Ruwan ya gangare bai bar ko alama ba. Na zira hannu ciki na ji a bushe, sannan na yarda. Takalmin kuwa da tsinken tsintsiya na je. Na auna ƙafar Baban biyu na karya tsinken daidai, na ƙara faɗin yatsa ɗaya saboda safa mai kauri. Na wanke komai na shanya. Masu wucewa suna leƙowa ta ƙofa suna tambaya ko mun fara sana'ar gwanjo.

Ba mu da sikeli a gida, sai na saka akwatin a keke napep na kai wurin mai gas na bakin layinmu.

"Maman biyu, yau akwati za mu cika wa gas?"

"Ɗora min kawai, ka gaya min gaskiya."

Kilo ashirin da ɗaya. Na dawo gida zuciyata fari ƙal.

Akwai abu ɗaya da na yi wanda har yau nake juya shi a raina. Na sayo sabbin inhela biyu. Na san halin mijina: jaka yana iya mantawa da ita a kan mashin ko a gindin bishiya, amma abin da ke aljihunsa yana tare da shi. Sai na saka su a aljihun cikin jaket ɗin na ja zif, don duk inda ciwon ya same shi a dajin ya zama hannu kawai zai kai ƙirji. Na gaya masa. Yana kan waya da shugaban sashensu lokacin, ya gyaɗa min kai. Na ɗauki gyaɗa kan nan a matsayin ya ji. A jakar hannunsa akwai tsohuwar da yake amfani da ita, wadda idan ka girgiza za ka ji an sha fiye da rabi.

Saura kwana biyar tafiya masu saƙo suka fara zuwa.

Yaya ce ta fara. Ita ce babbar yayarsa, 'yar kasuwa ce mai harkar riɗi da doya, kuma a gidanta ya zauna ya yi sakandare. A danginsu idan ta yi magana an gama. Ɗanta na fari yana wannan ƙasar shekara uku. Ta shigo da leda-leda: kilishi, man shanu a roba, agushi niƙaƙƙe, daddawa, garin kuɓewa, yaji, kantun riɗi, da shadda ɗinkakkiya.

"Matarmu, ɗan saƙon yaro ne. Ba nauyi."

Washegari Inna ta iso daga Keana da gishiri. Gishirin gidansu ne, ita da 'yan'uwanta mata suka dafa shi da hannunsu. Ta ƙulle shi a leda biyu, ta naɗe a wani tsohon ɗankwali, ta yi masa ƙulli irin nata mai kunne biyu. Ta ce jikanta shekara uku bai ɗanɗana gishirin gida ba. "Ba nauyi," in ji ta, alhali da hannu biyu ta miƙo min.

Bayan su sai wata mata daga layin baya, wadda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba, ta kawo zuma a kai wa ƙaninta. Da Baban biyu ya tambayi garin, ashe wata ƙasa ce daban.

"Ai duk Turai ce," in ji ta. "Idan kun haɗu a masallacin Juma'a sai ka ba shi."

Ita kam ya iya ba ta haƙuri. Sauran na tattara na koma wurin mai gas. Kilo goma sha ɗaya. Gishirin kaɗai huɗu.

Da ya dawo da rana na jera masa su a tsakar ɗaki.

"Wurin kilo biyu ya rage. Ga sha ɗaya. Ka gaya musu."

"In gaya wa wa? Yaya?"

"Ita fa."

"Maman biyu, matar nan ita ta riƙe ni. In buɗe baki in ce ba zan kai wa ɗanta saƙo ba? Da wane ido?"

"Da idon da za ka kalli yaran nan. Ba cewa na yi kar ka kai komai ba. Ka kai abin da akwati ya ɗauka."

Ya shafa kai, ya ce za a san yadda za a yi. Na san wannan maganar tasa. Idan ya faɗe ta, yana nufin wani ne zai yi, ba shi ba. Sai na yafa mayafi na tafi gidan Yaya da kaina, da kalandata a hannu. Na durƙusa har ƙasa. Na karanta mata jerin ɗaya bayan ɗaya. Na gaya mata maganar dajin, da cewa babu kanti, da maganar ƙirjinsa. Na ce na saka shaddar da yajin da kuɓewar, sun cika kilo biyun, sauran a yi haƙuri sai an sami wani mai tafiya.

Tana tsintar riɗi a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To na ji, matarmu. Allah ya kai mu."

Na fito ina jin daɗi har ina yi wa kaina faɗa cewa na cika zargin mutane. Da yamma ta aiko aka kwashe sauran kayan har da gishirin Inna.

Ranar tafiya bayan sallar asuba motar Yaya ta tsaya a ƙofa. Direba, da Yaya a gaba, Inna da mijin Yaya da Baban biyu a baya. Ni da 'yan biyu babu wuri. Yaya ta ce hanyar Abuja da yara wahala ce, in zauna in yi masa addu'a. Na rufe akwatin da ɗan kwaɗo, na sa mabuɗin a tafin hannunsa, na naɗe yatsunsa a kai da hannuna. Na ce, "Kada a buɗe sai can." Ya ce to.

Da direba ya ɗaga but ɗin motar zai saka akwatin, na hango jakar ganamasgo a ciki, a cike. Na tambaya.

"Kayan ƙawata ne a Mararraba," in ji Yaya. "Ke komai sai kin gani?"

Na ja da baya na bari aka rufe but ɗin. Wannan ja da bayan ma ina jin haushinsa.

La'asar sakaliya motar ta dawo. Ina wanke wa yaran kwano a tsakar gida na ji hon. Na fita. Yaya ba ta ma sauko ba, gilashi ta sauke. Direba ya zagaya ya ajiye min jakar ganamasgon nan a gabana.

"Ga kayan mijinki, sun yi nauyi."

Na ja zif. Jaket ɗin ce a sama. Ƙarƙashinta takalmin, da wandon ruwan, da rigunan ciki biyu.

"Yaya, me ya shiga wurinsu?"

"Saƙon yaro mana. Ke kam da abin dariya kike. Kayan sanyi ai can ake yin su. Abin da suka gama sawa suka yar aka kawo mana a dila, shi za ki tattara ki mayar musu? Yana sauka zai sayi sabo dal."

"Na gaya miki babu kanti! Har gida na zo na durƙusa na gaya miki!"

"Turai ce babu kanti? Kin taɓa zuwa?"

Mijinta ya yi 'yar dariya a baya. Na ce to ko a jikinsa ai sai a bar shi ya sa, jiki ba a aunawa.

"Malami guda, ya shiga jirgi da rigar gwanjo kamar mai gadi? Wa ya san ma ko ta matacce ce? Mu ba za a kunyata mu ba," in ji Yaya.

Na lalubi aljihun ciki. Suna nan. Na ciro su biyun na ɗaga mata a fuska. Inna da ke baya ta kai hannu ta rufe baki. Na ɗauka a nan Yaya za ta ce innalillahi. Sai ta gyara zama ta ce, "To ke wa ya ce ki ɓoye magani a aljihu? Ana saka magani a aljihu?"

Ta ɗaga gilashi, suka ja.

Na kira wayarsa ta fi sau ashirin, a kashe, yana sama. Sai washegari da hantsi ya kira, muryarsa fes, yana ba ni labarin girman filin jirgin.

"Kai ka ba ta mabuɗin?"

Ya fara tambayar lafiyar yara.

"Tambayarka nake."

"Ta miƙo hannu a gaban mutane, Maman biyu. Ga Inna tsaye. Ya zan yi?"

"Ka san inhelarka biyu suna cikin jaket ɗin?"

Daga yadda ya ja numfashi na gane ranar da ya gyaɗa min kai ba abin da ya ji. Na ce ya nemi kanti yanzu-yanzu kafin su bar wurin. Ya ce motar makaranta tana jira, shi kaɗai ake jira ma, don an tsare shi an buɗe akwatin. Kare ne ya shinshino shi. Sun kwashe kilishin da man shanun sun jefa a kwandon shara a gabansa, sun ce nama da kayan madara ba sa shiga ƙasarsu.

Wato abin da aka cire wandon ruwan mijina aka saka a wurinsa, a shara ya ƙare tun kafin ya fita daga filin jirgi.

Na ɗauki jakar na je ofishin masu aika kaya waje. Suka ce magani sai da takardar likita, kuma sai na kawo cikakken adireshi, kuma zai iya yin sati biyu. Sansanin daji wane adireshi gare shi da zan iya faɗa? Na dawo da ita a kaina.

A can sun ara masa takalmin roba da ya fi ƙafarsa girma, da wata rigar ruwa shara-shara. Kullum bayan la'asar yake kira da bidiyo idan sun dawo daga fili. Ina ganinsa ya jera riguna uku a jiki, har da kaftanin sallarsa a sama, leɓensa a bushe. Yana ta cewa lafiya lau. A rana ta biyar na ji ɗan fiton nan a ƙarshen maganarsa.

"Mene ne wannan?"

"Netwok ne."

"Ƙirga min ɗaya zuwa goma ba tsayawa."

"Haba, sai ka ce yaro."

"Ƙirga."

A shida ya tsaya. Na ce ya girgiza inhelar kusa da waya. Ban ji komai ba. Na roƙe shi da girman Allah ya je ya gaya wa malaminsu a kai shi gari. Ya ce shi kaɗai ne daga Najeriya, ba ya so a ce daga zuwa ya fara ƙorafi, a ce ba zai iya ba. Na ce, "Yaya ka ji kunya, Turawa ka ji kunya. Ni da yaran nan ne kawai ba ka jin kunyar ka bar mu?" Na kashe wayar. Ban taɓa kashe masa waya ba sai ranar.

Rana ta shida ya kira, gajeriyar magana. Ta bakwai bai kira ba. Na wuni da waya a cikin zani, na ƙona tuwo, na daki ɗaya daga cikin yaran a kan abin da bai kai ba, na zauna na yi kuka tare da shi. Rana ta takwas da safe wata baƙuwar lamba ta shigo, muryar mace, Turanci da sauri. Kalma ɗaya na kama, asibiti. Na fita ba takalmi na buga ƙofar nas.

Ita ta karɓi wayar. Ina kallon fuskarta ina neman abin da ba ta faɗa ba tukuna. Ta ɗaga min hannu ta ce, "Yana da rai, Maman biyu, tsaya mana in ji." Matar da ta kira 'yar ajinsu ce daga Gana. Ta ce ruwa ya dake su a fili, ya faɗi a cikin ciyawa yana nuna ƙirji, sun shaƙa masa inhelar babu komai a ciki. Tafiyar awa biyu aka yi da shi a mota kafin asibiti. An sa masa iskar numfashi, sanyi kuma ya kama huhunsa.

Kwana biyar ya yi a kwance. Da ya fito likita ya hana shi komawa dajin. Mutumin da ya tafi Turai don ya haƙa ƙasa da hannunsa, a ɗaki ya ƙare yana auna wadda wasu suka haƙo. Takardar da suka ba shi ma an rubuta cewa sashen aikin fili bai kammala ba.

Dangi suka yi ta zuwa jaje. Yaya ta zo ta zauna a kujerar da ta fi kyau, ta ce haka Allah ya ƙaddara, ta ƙara da cewa ita da an gaya mata akwai magani a ciki da ba a yi haka ba. Na yarda da ƙaddara, ni musulma ce. Amma ƙaddara ba ta miƙa hannu ta karɓi mabuɗi a filin jirgi ba. Inna ce kaɗai ta jira kowa ya fita, ta ɗauki ɗaya daga cikin 'yan biyun ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa kansa. Can ta ce, "Gishirina ne ya fi nauyi a ciki." Ita kam tun ranar na sauke fushina a kanta.

Ɗan Yaya kuwa, ashe garinsu tafiyar awa tara ce a jirgin ƙasa daga inda kawunsa yake. Bai zo asibiti ba, aiki ya riƙe shi. Daga baya ya ce a aika masa shaddar da yajin da agushin ta gidan waya. Da aka yi maganar gishiri sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, gishiri ai akwai shi a kowane kanti."

Bayan wata shida Baban biyu ya dawo, ya rame, yaran suna gudunsa. Da na buɗe akwatin ina fitar da kaya, a can ƙasa na ci karo da tsohon ɗankwalin nan, da ƙullin Inna mai kunne biyu, ko kwance shi ba a yi ba. Wata shida yana ƙarƙashin gadonsa. Ya ce ya kasa zubar da abin da mahaifiyarsa ta dafa da hannunta. Na zauna a ƙasa da gishirin a cinyata, na rasa dariya zan yi ko ihu.

Na daɗe ina shirya abin da zan yi da shi. Na ce ranar da Yaya ta zo zan saka shi a jakar ganamasgon nan, in bi ta har mota, in jira ta sauke gilashi, in ce ga kayan ɗanki, sun yi nauyi. Na maimaita maganar a gaban madubi ya fi a ƙirga. Ranar da ta zo karɓar tsaraba kuwa, tuwo na tuƙa mata da miyar kuɓewa, na kwance ƙullin na ɗebi gishirin na zuba. Ta ci ta suɗe hannu ta ce, "Kai, gishirin gida daban ne." Na ce haka ne, Yaya. Na kwashe kwanukan na shige kicin.

Har yau da shi nake miya, bai ƙare ba. Jaket ɗin tana rataye a bayan ƙofa cikin leda. Shi kuma Baban biyu ya ba ni haƙuri ya fi sau nawa, na ce na haƙura, amma idan na tuna yatsunsa da na naɗe a kan mabuɗin nan sai in ji abin ya dawo sabo.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, makarantar ta sake kiransa ya je ya ƙarasa sati ukun nan na daji idan damina ta wuce. Ba mu gaya wa kowa ba, amma magana ta fita. Shekaranjiya a wurin suna wata ta matso kusa da ni tana murmushi ta ce ta ji Malam zai koma, akwai ɗan abu da take so a kai wa wani, ba nauyi. Wannan karon na riga na gaya masa: ko a saman mota zan zauna sai na je filin jirgin, da yarana, kuma mabuɗin yana ɗaure a bakin zanina har sai akwatin ya wuce inda hannu ba ya kaiwa. Jaket ɗin a jikinsa zai shiga da ita, duk mai jin kunya ya kau da kai.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, ga roƙona. Idan wani naku zai yi tafiya irin wannan, ku je ku yi masa sallama hannu biyu ba komai, ku yi masa addu'a ku dawo. In har saƙon ya zama dole, ku tambayi wanda ya shirya akwatin ko akwai wuri, in ya ce babu ku yarda. Kuma don Allah kada ku buɗe akwatin da ba ku kuka shirya ba, ba ku san abin da ke cikin aljihu ba.